Tambaya da Amsa: Tsohuwar masana'anta za ta sake amfani?

Tambaya: Kullum na bi ta Kakuri sai gine-ginen masaƙun da aka rufe su ba ni tausayi. Na ji an ce a Italiya an mayar da masana'antar motoci kasuwa da otal. Gaskiya ne? Me ake dubawa kafin a yi haka? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Masana'antar Lingotto ce ta kamfanin Fiat a birnin Torino. An fara ginin a 1916, aka buɗe a 1923. Hawa biyar ce, tsawonta kusan mita 500. Kayan aiki na shiga ta ƙasa, ana harhaɗa mota tana hawa bene bayan bene, har ta fito kan rufi inda aka shimfiɗa titin gwaji. An rufe ta a 1982, sannan mai zanen gine-gine Renzo Piano ya sake fasalinta. Yau akwai shaguna, otal, zauren kiɗa da sashen jami'a a ciki.

Abin da ya cece ta shi ne ƙashin ginin. Ginshiƙan kankare ne a jere, mita 6 tsakaninsu, su ke ɗauke da nauyi, don haka ana iya yanka ɗakuna yadda aka so. Shi ya sa injiniya ke fara duba ginshiƙi kafin a yi maganar fenti. Ana ɗan fasa kankaren a fesa masa ruwan gwaji na fenolftalin. In wurin ya yi ja-ja, kankaren yana kare rodin da ke ciki. In bai sauya launi ba har zuwa kan rodi, iska ta riga ta cinye kariyar. Rodi mai tsatsa yana kumbura ya tsaga kankare daga ciki, kuma shafa filasta a kai ɓoye ciwo ne kawai. Sai an sassaƙe har bayan rodin, a goge tsatsar, a ƙara sabo inda ya sirance.

Rufin asbesto kuwa, kada a fasa shi ko a sa masa injin yanka, domin ƙurarsa na jawo cutar dajin huhu bayan shekaru masu yawa. A jiƙa shi, a kwance shi falle-falle ɗungurungum, ma'aikata sanye da abin rufe hanci na musamman.

Masaƙa tana da ƙarin matsala: sashen rini. Soda da sinadaran launi kan jiƙa ƙasar wurin, don haka a kai samfurin ƙasa da ruwa ɗakin gwaji kafin a haƙa rijiyar burtsatse.