Gwajin Manhaja Kafin a Miƙa Ta

Tambaya: Malam, na rubuta wa wani shago a Zengo manhajar lissafin ciniki, kuma tana aiki a kwamfutata. Shin sai na ƙara gwada ta? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

Amsa: Ɗana, lallai ka gwada ta, domin aikinta a hannunka bai nuna abin da za ta yi ba idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar adana lissafi, ko mai shago ya sa harafi a gurbin lamba. A 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse jim kaɗan bayan tashinta, saboda wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata a manhaja. Ka rubuta gwaje-gwajen da za su riƙa gudana da kansu bayan kowane gyara, sannan ka ba yaron shagon ya yi ciniki da ita kana kallo.