Jerin Fibonacci Ya Sandarar Min Da Kwamfuta

Tambaya: Malam, na rubuta janareta (ɗan shiri mai ba da lambobi ɗaya bayan ɗaya) mai suna fib() a yaren kwamfuta na Python, mai fitar da lambobin Fibonacci (jerin da kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce) da umarnin yield, amma ina sa shi cikin list() don tattara lambobin wuri ɗaya sai kwamfuta ta sandare. Ina matsalar take?

Amsa: Janaretanka lafiyarsa ƙalau. Ita list() ƙarshen jeri take jira, shi kuwa while True, umarnin da ke ta maimaita aiki a cikin janaretanka, ba ya ƙarewa, sai ta yi ta tara lambobi har ma'adanar kwamfuta ta cika. Yanko iya buƙatarka da islice, wanda ke cikin kunshin kayan aikin Python mai suna itertools: list(islice(fib(), 10)) zai ba ka 0, 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34.

Amma ka kula, janareta ba ya komawa baya. Lambar da next(), mai karɓo lamba ta gaba, ta fitar ta wuce ke nan. In daga 0 kake son farawa, sake kiran fib().