Shin mutum zai iya farkawa ana tsakiyar yi masa tiyata?

'Yar'uwa, kin ce za a yi miki aiki kuma kina tsoron farkawa alhali an ba ki maganin barci. Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Babban binciken da aka fitar a Birtaniya a 2014 ya samu kusan mutum 1 cikin 19,000 ne ya kai rahoton haka.

Abin da ya fi ƙara haɗarinsa shi ne allurar da ke sassauta tsoka. Idan maganin barci ya yi ƙaranci alhali wannan allurar tana aiki, sai mutum ya ji muryoyi ko taɓawa, ya so ɗaga ko da yatsa ne ya kasa, ga bututu a maƙogwaro. Wannan rashin motsin ya fi ciwon kansa firgita mutane, kuma ni ma shi ya fi damuna. Galibi abin mintuna kaɗan ne, a farkon aiki ko ƙarshensa.

Haɗarin ya fi yawa a tiyatar haihuwa da aka yi da maganin barci, wajen 1 cikin 670, domin ana gaggawa kuma ana taƙaita magani saboda jariri. Sai aikin zuciya, aikin gaggawa bayan zubar jini, ƙiba, da wahalar sa bututun numfashi.

Ki gaya wa likitan sa barci idan ya taɓa faruwa da ke, ko kina shan ƙwayoyin rage zafi ko na barci kullum. Idan kuma kin tuna wani abu bayan aiki, ki faɗa, kada ki bari a ce mafarki ne. Akwai masu ba da shawara kan firgicin da ke biyo baya.