Dutsen da aka jefa, wa ke tura shi bayan ya bar hannu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a kwalejin horar da malamai. A darasin tarihin kimiyya an ce mana Aristotal ya kasa motsi gida biyu, na ɗabi'a da na tilas, kuma wai duk kuskure ne. To in kuskure ne, yaya aka yi masana suka riƙe shi kusan shekara dubu biyu? Ko dai ba su da lura ne? (Daga wata ɗaliba a Katsina)

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Lura kam suna da ita, ita ce ma ta ɗaure su, domin abin da ido ke gani kullum yana goyon bayan Aristotal.

Mutumin ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kuma koyar a birnin Atina na ƙasar Girka. Ya gaji ra'ayin Emfedokilis, wani masanin Girka da ya gabace shi, cewa abubuwan duniya daga asali huɗu suke: ƙasa, ruwa, iska da wuta. A wurinsa kowanne yana da mazauninsa. Ƙasa ce a tsakiya, ruwa a kanta, sai iska, sai wuta can sama. Dutse yana faɗowa ne saboda ƙasa ta rinjaya a jikinsa, mazauninsa yake nema. Harshen wuta kuwa sama yake yi, saboda can ne nasa. Wannan shi ne motsin ɗabi'a, sanadinsa na cikin abin da kansa. Taurari ya ware su daban, ya ce da wani asali na biyar aka yi su, wanda ɗabi'arsa kewaya ce ba tsayawa.

Duk motsin da ya saɓa wa wannan na tilas ne, kuma yana da sharaɗi: dole mai turawa ko mai ja ya kasance yana taɓa abin. Shanu suka tsaya, amalanke ya tsaya. Wa zai yi musu da wannan?

Inda gizo ke saƙar shi ne jifa. Dutse ya bar hannu, ba mai taɓa shi, amma ga shi can yana tafiya. Aristotal bai kauce wa tambayar ba. A kashi na takwas na littafinsa kan ɗabi'a ya ce hannu ba dutsen kaɗai yake motsawa ba, har iskar da ke kewaye da shi yake ba ikon turawa, wannan iska ta miƙa wa ta gabanta, ƙarfin yana raguwa har ya ƙare, sai ɗabi'ar dutsen ta karɓi ragama ya faɗo. A ganina nan ne ginin ya fi rauni, domin iskar da ya ce tana tare abu mai tafiya ita ya mai da mai tura shi.

Kada ki ɗauka kowa ya haɗiye wannan. A ƙarni na 6 Miladiyya wani malami Kirista a Iskandariya ta Masar, Yohana Filofonus, wanda Larabawa ke kira Yahya an-Nahwi, ya yi masa raddi mai zafi. Ya ce in iska ce ke tura kibiya, me ake yi da tsirkiya? A ɗora kibiyar kan wani tsinke, a yi ta hura mata iska daga baya, a gani ko za ta yi nisa. Nasa ra'ayin shi ne mai jifa yana zuba wani ƙarfi a cikin dutsen kansa, ƙarfin ya yi ta raguwa. Ya kuma lura cewa in aka saki abu mai nauyi da wanda bai kai shi ba daga tsayi ɗaya, tazarar saukarsu kaɗan ce ƙwarai, saɓanin abin da koyarwar Aristotal ke nunawa. In kin fara shiga aji, ki tambayi yara me ya sa jifa ke faɗowa. Da yawa za su ce ƙarfinsa ne ya ƙare, amsar Yahya an-Nahwi ke nan.

Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya matsa gaba a littafinsa Ash-Shifa. Ya ce wannan ƙarfi da aka zuba a cikin dutse, wanda ya kira karkata, ba ya mutuwa da kansa, iska da nauyi ne ke cinye shi. Jean Buridan ya koyar da makamancin haka a birnin Faris na Faransa a ƙarni na 14.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana kashi na huɗu na wancan littafi na Aristotal. Ya ce da a ce akwai sarari wanda babu komai a cikinsa, abin da aka motsa ba shi da dalilin tsayawa nan maimakon can, sai dai ya yi ta tafiya har abada in ba wani abu ya tare shi ba. Ya ga wannan ba zai yiwu ba, sai ya yanke cewa irin wannan sarari babu shi. Abin da ya kawo don ya ƙaryata, shi Isaac Newton ya kafa a matsayin dokarsa ta farko kan motsi a 1687, bayan aikin Galileo na 1638 kan faɗuwar abubuwa. Daga nan tambayar ta juya: ba a neman abin da ke sa jifa ci gaba, abin da ke tsayar da shi ko karkatar da shi ake nema. Faɗuwar dutse ma, da aka ɗauka ɗabi'arsa ce, ta zama aikin wani ƙarfi daga waje, wato jan da duniya ke yi masa, kuma wannan jan ne ke riƙe da wata a kan hanyarsa.