Tambayoyinku: manyan talabijin masu madubi a ciki, da masu zare musu filogi

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu ɗaya, wato manyan talabijin ɗin nan masu ƙaton baya kamar kabad, waɗanda ake harba hoto daga cikinsu ya bugi madubi ya dawo kan allo. A Amurka an daɗe da sallamarsu, shi ya sa suka cika shagunan 'yan gwanjo.

TAMBAYA: Ina da gidan kallon ƙwallo a Zariya. Na sayi Mitsubishi mai inci 65, irin da ake kira DLP, mai aiki da ƙwan fitila a ciki, ta hannu. Wata uku hoto ya dusashe, sai wata rana muka ji "fas", allo ya yi baƙi. Na sa sabon ƙwai, shi ma bai yi wata biyu ba. An cuce ni ne?

AMSA: Malam, kafin ka tafi ka shaƙe wuyan wanda ya sayar maka, amsa mini wannan: idan an tashi wasa, yaya kake kashe ta? Na san amsar. Yaronka ne yake kashe janareta tun alƙalin wasa bai gama hura usur ba, don a rage shan mai.

To ga abin da ke faruwa a ciki. Hasken hoton gaba ɗaya daga ƙwai guda yake fitowa, ɗan ƙaramin gilashi mai ɗauke da zaiba, mai cin wat 150 ko 180 a irin taka, kuma zafinsa ba na wasa ba ne. Fanka ce take riƙe da ransa. Idan ka kashe da rimot, hoto ya tafi amma fankar tana ci gaba da juyawa na minti ɗaya ko biyu har ƙwan ya huce. Kasa kunne a bayanta za ka ji. Idan kuwa wuta ta yanke gaba ɗaya, fanka ta tsaya, zafin ya zauna a wurin yana cin gilashin da abin da ke kewaye da shi. Sau ɗaya ba komai. Kullum dare fa? Sannan a ƙara da canja layi: an ɗauke wuta, a tada inji, a kunna ta nan take tana da zafi, bayan minti goma an kawo wuta, a sake yankewa. Kowace kunnawa tana rage wa ƙwan kwana.

Ƙwai mai kyau yakan kai awa 6,000 ko kusa da haka. Yi lissafi: awa 8 a rana, kwana 750 ke nan, shekara biyu har da ɗoriya. Kai ka cinye biyu a wata biyar.

Na sha faɗa a shafin nan, kuma ba zan gaji ba: wanda ba zai sayi UPS ba, wato akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, kada ya sayi irin wannan talabijin. Ba don ka ci gaba da kallo ba, don ka samu minti uku ka kashe da rimot fanka ta gama aikinta. Mai ƙarfin VA 1,000 ya wadatar. Mutum zai zuba kuɗi a kujeru da labule da fosta na 'yan wasa, amma da an ce UPS sai ya ce "sai wani watan". Wani watan kuma kuɗin ƙwai ne.

Sai ƙura. Kwanaki na je wani gida aka buɗe mini bayan irin wannan, ramukan shan iskar sun toshe da ƙurar hunturu kamar an liƙa musu auduga, an kuma manna ta da bango, an shimfiɗa mata kyalle mai ado a kai, har da tulun furanni. Ta ina za ta yi numfashi? Janye ta daga bango kamar taƙi ɗaya, ka riƙa busa ramukan duk wata. A cikin saitin, mayar da hasken ƙwan daga mai ƙarfi zuwa matsakaici. Da dare ba wanda zai lura.

Ƙwai na biyun kuwa, ina zargin na bugi ne, irin mai arha marar suna. Nemi mai tambarin Philips ko Osram, kada ka taɓa gilashinsa da yatsa. Idan ya sake fashewa, buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara na ɗan lokaci, zaiba ba abin shaƙa ba ce.

TAMBAYA: An yi mini tayin mai inci 73 a kan kuɗin LED mai inci 43. Wacce ta fi hoto?

AMSA: A ɗaki mai duhu, kana zaune kan kujera daidai tsakiyarta, DLP mai 1080p tana da daɗin kallo, launinta ba ya ihu, ƙwallo ba ta jan jela idan an buga. Amma allonta an yi shi ne ya turo haske gaba sak. Zauna a tabarma ka ɗaga kai, ka ga yadda hoton zai dushe. Da rana kuma, taga a buɗe, LED ta fi ta nesa ba kusa ba. Ka kuma tuna shekarunta: Sony ta sanar da daina yin talabijin masu madubi a ƙarshen 2007, Mitsubishi da ta rage ita kaɗai ta rufe a ƙarshen 2012. Autarsu ma ta wuce shekara goma. In a ƙasa kuke kallo da iyali, ɗauki LED ɗin.

TAMBAYA: Fararen ɗigo kamar taurari sun fito a allo, kullum ƙaruwa suke. Na goge da ruwa, ba su fita ba.

AMSA: Hajiya, ajiye tsumman. Ɗigon ba a allo yake ba. A cikin DLP akwai wani ɗan guntun ƙarfe na kamfanin Texas Instruments mai ƙananan madubai dubbai ɗaruruwa, kowanne yana karkata don ya ba da ɗigon hoto. Wanda ya maƙale shi ne tauraronki. Ba sa warkewa, sai mai gyara ya sauya guntun. Tambayi kuɗin kafin ya kwance. Allon kuma roba ce mai siraran layuka, ruwa yana shiga tsakaninta ya bar tabo.

TAMBAYA: 'Yata tana cewa tana ganin bakan gizo yana wulgawa a hoto, ni ban taɓa gani ba.

AMSA: Ba aljanu ba ne, Alhaji. Wani faifai mai launuka yake juyawa a gaban ƙwan, ja da kore da shuɗi suna fitowa bi da bi. Wasu idanun suna kamawa, wasu ba sa kamawa. Nata ya fi naka.

TAMBAYA: Yayana ya aiko mini da ɗaya daga Amurka. In jona kawai?

AMSA: Kul! Tasu bolt 120 ce, tamu 230. Karanta takardar da ke bayanta, ka sayi taransifoma mai sauke wuta, ta wat 500 zuwa sama. Eriya ba za ta kama maka komai ba, tsarin tashoshinsu daban ne. Jona dikoda ta HDMI. In ta ƙi nuna hoto, to ba ta karɓar 50Hz ne, wato saurin hoton da dikodar nan take bayarwa, sai ka nemo ɗan akwatin da ke mayar da shi 60.