Tarihin Toledo Troopers, ƙungiyar mata da ta mamaye ƙwallon Amurka

An tambaya ko mata sun taɓa kafa ƙungiyar da ta yi suna a ƙwallon Amurka, wato wanda ake rungumar ƙwallo a gudu ana sanye da hular kwano. Sun kafa, kuma wadda ta fi cancantar ambato ita ce Toledo Troopers ta birnin Toledo a jihar Ohayo.

An kafa ta a 1971 a ƙarƙashin gasar da wani ɗan kasuwa na birnin Cleveland, Sid Friedman, ya shirya, sannan a 1974 ta shiga sabuwar gasar mata ta ƙasa, NWFL. Da jagorancin kocinta Bill Stout ta lashe kambu bakwai a jere daga 1971 zuwa 1977, kuma ba a taɓa doke ta ba sai a 1976, lokacin da Oklahoma City Dolls ta yi nasara a kanta.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne halin da 'yan wasan suka yi wannan bajinta a ciki. Wasan ba ya ciyar da su, domin abin da ake biyansu bai taka kara ya karya ba. Yawancinsu ma'aikata ne, ɗalibai da matan aure, waɗanda ke zuwa atisaye bayan sun tashi daga aiki. Tauraruwarsu, Linda Jefferson, ta yi fice wajen gudu har mujallar womenSports ta zaɓe ta gwarzuwar shekarar 1975.

Ƙarancin kuɗi ne ya durƙusar da ƙungiyar bayan kakar 1979.