Tambaya da Amsa: Mu Sayo wa Makarantar Ƙauyenmu Kwamfutoci Masu Araha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a Jigawa. Ƙungiyar ci gaban garinmu ta tara ɗan kuɗi, sai wani ɗan garin da ke birni ya kawo shawarar a sayo kwamfutoci na hannu guda goma, a sa musu manhajar kyauta. Dattawa sun ce asarar kuɗi ce, tunda ko wutar NEPA ba mu da ita. Abin zai amfane mu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan niyya.

Zai amfane ku, amma kada ku sayi goma. Dattawan nan suna da hujja, kuma an taɓa gwada irin wannan tunani a duniya. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutar dala 100. Har Najeriya an gwada shi a firamaren Galadima da ke Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba. Da aka yi bincike a makarantun karkara 319 na ƙasar, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma lissafi da karatunsu ba su ƙaru ba. An ba yara kayan aiki, an bar malamansu ba isasshen horo.

Ni da na shekara da shekaru ina gyaran kwamfuta, abin da ya fi ba ni takaici shi ne in shiga makaranta in tarar da su jibge a ofishin hedimasta, ƙurar hunturu ta toshe fankokinsu, batir ya mutu, babu wanda ya san inda zai kai su gyara.

Shawarata, ku sayi uku ko huɗu masu lafiya. Ragowar kuɗin ku sa sola da batir mai kyau, ku kuma tura malami ɗaya da matashi ɗaya na garin su koyi aiki da su da ƙananan gyare-gyare. Wannan matashin shi ne zai riƙe abin bayan an canja muku wurin aiki.

Batun manhaja kuwa, ɗan garinku ya yi gaskiya. Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ba ta cin kuɗin lasisi, kuma akwai nau'o'inta marasa nauyi da tsohuwar kwamfuta ke ɗauka ba tare da wahala ba. LibreOffice za ta yi muku rubutu da lissafin sakamakon jarrabawa. Wadda na fi so ita ce Kiwix: a birni za a sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a kawo muku a filas, yara su riƙa karantawa ba intanet ba data.

Ga kuma abin da za ku faɗa wa dattawa. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta. Na sha ganin yaro mai ƙoƙari daga ƙauye ya zauna gabanta hannunsa na rawa, don ranar ce ya fara taɓa linzaminta (mouse), lokaci ya ƙare bai gama ba. Ko awa ɗaya a mako yaro ya samu tun yana aji biyar, wannan tsoron ya fita.

Ku ɗinka wa kwamfutocin rigar yadi, a rufe su duk bayan tashi, kuma a ajiye ɗan kuɗi a asusun ƙungiya don canjin batir.